Nauyin Ruwa da Dakalin Baba

A wurin aiki an san ni da baki. Na taɓa tsayar da ginin wata magudanar ruwa a unguwar Kalley saboda an yi ta tana hawa maimakon ta gangara, na kuma wanke ɗan kwangilar tas a gaban leburorinsa. Aikina ke nan, lissafin ruwa: inda zai bi idan an yi ruwan sama, inda zai tsaya, da abin da zai ci idan ya tsaya. Amma da yamma, in na hau gada na ƙetara zuwa unguwar Harobanda, bakin nan a tsallaken kogi nake barinsa. Ina sa ƙafa a zauren surukaina sai in koma wata salihar baiwar Allah da abokan aikina ba za su gane ba.

Ni 'yar unguwar Bukoki ce, cikin hayaniya na tashi. Aure ne ya kawo ni Harobanda, da aiki ya ɗauke maigidana zuwa Agadas kuma sai na zauna tare da iyayensa. Mahaifinsa, wanda nake ce wa Baba, mutumin Tawa ne, tsohon malamin makaranta. Rabin unguwar a hannunsa suka koyi lissafi, shi ya sa har yau Mushe suke ce masa, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ma mafaɗaci ne da na samu sauƙi, don faɗa na iya shi. Abin da ban iya ba shi ne dattijon da zai amsa gaisuwata a natse, ya tambayi lafiyar iyayena ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa mini albarka. Nauyinsa nake ji ƙwarai. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi. Shi ma yana kiyaye nasa gefen. In yana da magana da ni sai ya juya wajen matarsa, wadda nake ce wa Inna, ya ce, "Gaya ma ɗiyarki kaza," ko da ina durƙushe a gabansa ina jin komai.

Gidan tsohon gida ne da aka yi ta ƙara wa ɗakuna. Sababbin na siminti ne da rufin kwano, kuma duk indararonsu cikin tsakar gida suke zuba. Ɗaki ɗaya ne ya rage na laka, shi ne na Inna. A jikin katangar gabas, ƙarƙashin dogonyaro, akwai wani dogon dakali da Baba ya gina da hannunsa shekarar da ya ajiye aiki. A nan yake karatu, a nan yake shan shayi da abokansa, kuma duk baƙon da ya zo sai an ba shi tarihin yadda aka kwaɓa simintinsa.

Kowace damina ruwa sai ya kwanta a gindin ɗakin Inna ya yi kwana da kwanaki. Wata rana na wuce na danna yatsa a ƙasan bangon, sai yatsan ya shige kamar cikin tuwo. Na ɗaga kai na ga tsaga ta taso daga ƙasa har kusa da taga. Na san yadda ginin laka yake yi idan gindinsa ya jiƙa. Ba ya ba mutum lokacin ɗaukar takalmi, kuma gadon Inna a jikin wannan bangon yake.

Na roƙe ta ta dawo ɗakina kafin damina. Ta dube ni kamar na ce ta koma wata ƙasa.

"A nan na haihi ɗiyana duka," in ji ta. "Ɗakin siminti kuwa tanda ce. Ba ni zuwa."

Ita ce ta gaya mini abin da ban sani ba. Da can akwai rariya a gindin katangar gabas, inda ruwan tsakar gida ke fita zuwa lungun da ya gangara kogi. Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwa, ta wannan rariyar ya fara kutsowa gidan. Baba bai manta ba. Da ya tashi gina dakalinsa sai ya ɗora shi a kanta, ya toshe ta gaba ɗaya. Tun daga nan, a wurinsa, duk ruwan da ya kwanta a gidan daga waje ya zo. A shekarar da nake ba da labarinta ma har ya sayo siminti ya jibge a zaure, zai ƙara wa dokin ƙofa tsawo don ya tare ruwan titi. Ni kuwa na san ta saman dokin ƙofar nan kaɗai ruwan gidan ke samun fita in ya cika. In aka ƙara masa tsawo, an ƙara wa tafkin ɗakin Inna zurfi ke nan.

Na kira maigidana a waya na zayyana masa komai.

"Ke ce injiniya," ya ce.

"Kai ne ɗansa."

Ya yi wata dariyar rashin mafita. Ɗan fari ne shi, Baba ko sunansa ba ya faɗa, kuma tsakaninsu magana ba ta wuce gaisuwa da addu'a. Ya ce in bi ta wajen Inna. Inna kuma ta ce tun bara ta faɗa, an ce mata ruwan titi ne. Na zauna a bakin gado raina a ɓace, rabin haushin nasu, rabi nawa. Ga ni da takardun shaida, ana tura ni duba magudanan gari, amma na kasa buɗe baki in ce wa dattijo ɗaya dakalinsa ne ke cin ɗakin matarsa.

Sai na koma ga abin da na iya. Ranar Juma'a, da Baba ya tafi masallaci, na ɗauko dogon tiyo mai garai-garai na cika shi da ruwa. Ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsawo ɗaya yake tsayawa, da haka ake gane inda ƙasa ta fi tudu da inda ta fi kwari. Na ba Inna baki ɗaya ta riƙe a jikin sanda, ni kuma na yi ta zagaya tsakar gida da ɗayan ina aunawa. Tana riƙe tana mita, wai ita da tsufanta an mai da ita 'yar aikin maso, wato magini.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da nake yi kullum a biro, wato ofishinmu. Ana zana wurin a cikin wata manhajar ordinata, wato kwamfuta, da bangonsa da tudunsa da kwarinsa, sannan a yanyanka shi ƙanana-ƙananan gidaje masu yawan gaske, kamar idon raga. A gaya wa manhajar nan bango ne, nan ƙasa ce, ta nan ruwa ke shigowa, ta nan zai iya fita. Ita kuma sai ta yi ta lissafi, kaɗan-kaɗan, nawa ne ruwan da zai bar wannan gida ya shiga na maƙwabcinsa. In ta gama sai ta haɗa maka hoto mai motsi, ka ga ruwan yana tafiya. Ba duba take yi ba, abin da ka gaya mata shi take bi. Har jan da ƙasa ke yi wa kowane abu mai nauyi sai ka rubuta mata shi da lamba, in ba haka ba ba ta san ruwa ƙasa yake nufa ba.

A nan aka samu matsala. Mu da muka yi karatu da Faransanci, waƙafi muke sa wa lamba, mu rubuta 9,81. Manhajar kuwa masu Ingilishi suka ƙera ta, ɗigo take so, 9.81. A biro an riga an shirya wannan tun tuni, ba mai taɓa shi. A gida da na fara daga tushe, hannuna ya bi abin da ya saba tun ina ƙaramar yarinya. Manhajar ba ta ce uffan ba, ta ɗauki lambar a matsayin babu, ta ci gaba da aikinta.

Na bar ta tana lissafi na shiga girki. Da na dawo na kunna hoton, sai ga ruwa ya fito daga indararo ya miƙe sambal a sama, ya ƙetare tsakar gida a tsawon rufi, ya bugi bangon da ke fuskantarsa, ya watse dunƙule-dunƙule yana yawo kamar auduga. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Daidai lokacin Inna ta shigo da kwanon fura. Ta tsaya ta kalla, ta sake kallo, sannan ta ajiye kwanon ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Wanga shi na karatun da kinka yi?" ta ce. "Ruwa mai hiffike?"

Na gano waƙafin nan take na gyara, ina ƙunƙuni. Na sake sa lissafin, wannan karon kashi uku: gidan yadda yake, gidan da dokin ƙofa mai tsawo, da gidan da aka buɗe wa rariya. Amma ban san yadda zan yi da su ba. Ba a ɗaukar ordinata a je a dangwarar gaban suruki a ce ga kuskurenka.

Ashe Inna ta riga ta kai labari. Washegari bayan la'asar, ina shara, na ji Baba daga kan dakali yana cewa, "Gaya ma ɗiyarki ta kawo mani ruwan nan mai tashi in gani."

Na ɗora ordinatar a kan dakalin, na durƙusa daga gefe. Inna ta zauna tsakaninmu a kan tabarma. Baba ya gyara tabarau, na kunna masa. Ya kalli ruwan yana shawagi a saman gidansa, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Tambaye ta, mi ya samu ruwan ga?"

"Nauyi ne babu, Baba," na ce, idona a ƙasa. Na yi masa bayanin waƙafi da ɗigo a gajarce.

Ya cire tabarau. "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina hora yara a kan waƙafi, yau ga na'ura ta ce ba ta san shi ba?" Sai ya yi dariya, dariya sosai, har kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa jin dariyarsa daga kusa haka ba. "To, a maida mashi nauyinshi mu gani."

Na buɗe masa na farko cikin ukun. Ya matso yana nuni da yatsa. Ya gane dogonyaro, ya gane zaure, ya gane dakalinsa, har ya ce an yi shi daidai. Sannan ruwa ya zubo daga indararo, ya faɗi ƙasa yadda ruwan Allah ke faɗuwa, ya haɗu ya gangara gabas. Ya isa dakalin, daidai inda rariya take a da, ya yi cirko-cirko, ya juya ya bi gefen katanga, ya je ya kwanta a gindin ɗakin Inna. Ya yi ta taruwa har ya kai bakin dokin ƙofa, sannan ya fara tsiyaya waje.

Baba ya gyara zama. Ya ce a sake, na sake.

"Ina ruwan titi?" ya tambayi Inna.

"Ba a sa shi ba, Baba," na ce. "Na rufin gida ne kaɗai."

Ya ɗaga kai daga ordinatar ya dubi ɗakin Inna na gaske, inda ruwan bara ya bar zane a jikin bango. Zanen da tafkin da ke cikin hoton kusan a wuri ɗaya suka tsaya. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Abin da ya rage shi ne wani ya faɗi maganar, kuma na san ba za ta fito daga bakina ba.

Sai Baba ya yi wani abu da har gobe ba zan daina gode masa ba. Bai juya wajena ba, bai juya wajen Inna ba. Ya sunkuya ya fuskanci ordinatar, ya yi mata magana yadda yake yi wa ɗalibi a gaban allo.

"Kai ruwa, in na ƙara ma dokin ƙohwa tsawo, ina za ka?"

Na danna na biyu. Ruwan ya bi hanyarsa ta ɗazu, ya kwanta inda ya kwanta, sai dai wannan karon bai samu wurin fita ba, ya yi ta hawa bangon.

Baba ya ɗago daga kan ordinatar. Ya shafa dakalin da tafin hannu. "In anka buɗe maka tsohuwar hanyarka hwa?"

Na danna na uku. Ruwan ya gangara gabas, ya shige rariya ya fita, gindin ɗakin Inna ya zauna a bushe.

Ya san ni na shirya amsoshin. Ya san kuma ba zan iya faɗarsu ba, shi ya sa ya tambayi ruwan, ya bar mini danna maɓalli kawai. Bai sa na yi masa gyara a gaban matarsa ba, bai kuma sa na yi ƙarya ba. Idona ya cika, na ƙara sunkuyar da kai don kada a gani.

"To," kawai ya ce. Ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Kwanaki suka wuce ba a sake tada maganar ba. Siminti yana nan a zaure, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Na shiga zullumi. Na ce ko na kunyata shi ne, ko kuwa ya ɗauki abin wasan yara. Kullum in zan fita aiki sai na saci kallon tsagar bangon.

Wata safiya ina shirin fita na hango shi ta taga, ya ɗauko bokiti cike da ruwa. Ya je ƙarƙashin indararo ya juye, ya goya hannu a baya, ya bi ruwan a hankali har inda ya tsaya. Ya koma ya ɗebo wani, ya juye a ƙarƙashin wani indararon. Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, wato bai yarda da lissafina ba. Daga baya na ga ai abin da muke yi ke nan a wurin aiki, ba ma amincewa da hoton ordinata sai mun gwada shi da ruwan gaske. Malami ne yake duba aikin ɗaliba, kuma duk bokitin da ya juye gindin ɗakin Inna ya nufa.

Ranar Asabar ƙarar guduma ce ta fito da ni. Baba ne da kansa, ya naɗe hannun riga, yana fasa ƙarshen dakalin. Mason da aka kira yana tsaye a gefe, Baba ya hana shi taɓawa. Da ya kai ƙasa sai ga bakin tsohuwar rariya, cushe da tsumma da ɓaraguzai. Ya tsaya yana haki, ya ce wa Inna, "Tambayi ruwan ɗiyarki, in kogi ya taso kuma hwa? Ta nan ya shigo muna wancan karon."

Tambayar tana kan hanya, kuma na riga na yi tunaninta. Na ce a sa bututu mai marfi, a bar shi a buɗe duk damina, ranar da aka ji kogi ya cika a rufe. Ya gyaɗa kai. Simintin da aka sayo don dokin ƙofa shi aka yi aikin da shi, ragowar aka yi daɓe mai gangara a gindin ɗakin Inna, aka kuma cike tsagar da sabuwar laka. Dakalin ya rage tsawo, abokan shayi suka koma matsatsi, biyu daga cikinsu sai a kujera.

Ruwan farko mai ƙarfi da rana tsaka ya sauko. Kowa ya tsaya a bakin ƙofarsa. Na kalli ruwan yana zubowa daga indararo, yana haɗuwa, yana gangarawa gabas, yana shigewa bututun da gudu. Na sha ganin lissafina ya zama gaskiya a manyan ayyuka, amma ban taɓa jin daɗin da na ji ranar ba. Inna tana bakin ɗakinta tana taɓa bangon tana hamdala.

Da aka ɗauke, Baba ya fito ya zauna a kan guntun dakalinsa. Na zo wucewa da tsintsiya na durƙusa na yi masa barka da ruwa.

"Ɗiyata," ya ce.

Na waiga ina neman Inna. Ba ta wurin, da ni yake.

"Ruwan ga, da kinka maida mashi nauyinshi ya samu hanya. Ke kuma naki ya yi yawa, har ya so ya kada ɗaki bisa uwarki. Ki rage shi." Ya ɗan yi murmushi. "Kaɗan dai. Ban ce duka ba."

Na ce, "To, Baba." Na ɗauki tsintsiyata na wuce.

Har yau ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, kuma a durƙushe nake gaishe shi. Ba na jin zan daina, ba na ma so. Inna tana nan a ɗakinta na laka, tana ci gaba da zagin ɗakunan siminti. In na ga sabon ma'aikaci a biro ya sa waƙafi inda ake son ɗigo, ba na yi masa faɗan da na saba, har abokan aiki suna mamaki.

Da damina ta zagayo, na lura kwanon rufin ɗakin Baba ya yi tsatsa, katakon da ke ƙarƙashinsa ya fara ruɓewa. Na yi kwanaki ina juya maganar a ciki. Har na buɗe ordinata, sai na rufe. Na same shi a kan dakali bayan la'asar, na durƙusa, na gaishe shi, na ce rufin ɗakinsa yana son canji kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ruwan ne ya hwaɗi, ko ke?"

"Ni ce, Baba."

"To," ya ce. "A kira maso."